Gangar naɗe mesa ta haidirolik

Gangar naɗe mesa ta haidirolik na'ura ce mai siffar ganga wadda ake naɗe doguwar mesa a jikinta, ana kuma juya ta da ƙarfin man haidirolik maimakon hannu. Ana samun ta a jikin motocin kashe gobara, da tankokin rarraba fetur da dizal, da motocin wanke magudanun ruwa, da injinan haƙa rijiyar burtsatse, da wasu manyan injinan ban ruwa. Matsalar da aka fi sanin ta da ita ita ce ƙin naɗewa, wato a warware mesa a gama aiki, gangar ta ƙi mayar da ita. Dalilan hakan ba sa wuce kashi uku: ko dai mai bai isa injin da ke juya gangar ba, ko ya isa amma ba shi da isasshen matsi, ko kuma ƙarfin yana nan amma wani abu ya riƙe gangar. Hanyar gano matsalar ita ce bin sawun ƙarfin daki-daki tun daga tanki har zuwa ganga, ana farawa da abin da ya fi sauƙin dubawa da arhar gyara.

## Suna da ire-ire

Hausawa suna kiran doguwar robar da ruwa ko mai ke bi ta cikinta da suna mesa ko tiyo. A wannan maƙala, mesa na nufin doguwar robar da ake naɗewa, tiyo kuwa na nufin gajerun robobin da ke kai man haidirolik ga injin da ke juya gangar.

An raba gangunan naɗi gwargwadon abin da ke juya su:

- Ta hannu, wadda ake murɗawa da mariƙi.
- Mai sifirin, wadda naɗaɗɗen ƙarfe ke jawo mesarta da kansa, kamar yadda tef ɗin awo na magina ke komawa gidansa.
- Mai lantarki, wadda ke aiki da batirin mota.
- Ta haidirolik, wadda matsin mai ke juyawa. Ita ake zaɓa idan mesa tana da tsawo da nauyi, ko inda ake gudun tartsatsin wuta, kamar a tankar fetur.
- Ta ban ruwa, wadda ƙarfin ruwan da ake fesawa ke juya ta.

Sunan yakan kuma haɗa da ƙaramar ganga mai sifirin da ke ɗauke da tiyon haidirolik a jikin injinan ɗaga kaya. Gyaranta ya bambanta, don haka aka ware mata sashe a ƙasa.

## Tarihi

Tushen aikin haidirolik shi ne ƙa'idar da masanin Faransa Blaise Pascal ya bayyana a ƙarni na 17, cewa idan aka matsa ruwan da ke rufe a cikin mazubi, matsin yana bazuwa daidai ta kowane ɓangare. A shekarar 1795 Joseph Bramah na Ingila ya yi rajistar injin matsa mai aiki da wannan ƙa'ida. A shekarun 1840 William Armstrong ya ƙera injin ɗaga kaya mai aiki da matsin ruwa a birnin Newcastle. Daga baya mai ya maye gurbin ruwa, domin ba ya sa tsatsa kuma yana sa ƙarfe santsi.

Ita kuwa mesar kashe gobara, Jan van der Heyden da ɗan'uwansa ne suka fito da ita a birnin Amsterdam a farkon shekarun 1670, kuma da fata suka ɗinka ta. Da motocin rarraba mai suka yawaita a ƙarni na 20, buƙatar gangar naɗi ta ƙaru. Kamfanin Hannay na jihar New York a Amurka, ɗaya daga cikin sanannun masu ƙera ta, ya fara aiki a shekarar 1933.

## Sassa da yadda take aiki

Mai yana zagayawa ne a rufaffiyar hanya. Famfo yana tsotso shi daga tanki, ya tura shi zuwa bawul ɗin sarrafawa, wanda ke da liba ta hannu ko maɓallin lantarki. Idan aka ja liba, mai ya bi ta tiyo ya shiga injin juyi, ya juya shi, ya fita ta ɗaya tiyon, ya ratsa filta ya koma tanki. Injin juyi yana da ƙaramin faranti mai haƙora, sarƙa kuma tana haɗa shi da babban faranti a jikin ganga. A yawancin motoci injin motar ne ke juya famfon ta hanyar wata giya ta musamman da ake kira PTO.

Akwai wasu sassa huɗu da suke da hannu a yawancin matsaloli:

- Bawul ɗin kariya, wanda ke buɗewa ya mayar da mai tanki idan matsi ya kai iyakar da aka saita.
- Bawul ɗin saita gudu, wanda ke rage ko ƙara yawan man da ke wucewa.
- Birki da sakata, waɗanda ke hana ganga warwarewa idan mota tana tafiya.
- Gaɓar juyi, wadda ke tsakiyar ganga, tana haɗa bututun da ba ya motsi da mesar da ke juyawa.

Famfo ba matsi yake samarwa ba, gudanar mai yake samarwa. Matsi yana tasowa ne idan man ya ci karo da abin da ya tare shi. Yawan man da ke gudana shi ke ƙayyade saurin ganga, matsi kuma shi ke ƙayyade ƙarfin janta. Misali, injin juyi mai cin santimita kubik 100 a kowane zagaye, idan ya sami lita 20 a minti, zai yi zagaye 200 a minti. Idan babban faranti ya ninka ƙarami sau biyar, gangar za ta yi zagaye 40 a minti. Idan man ya ragu zuwa lita 10, saurin zai dawo rabi, amma ƙarfin jan ba zai canza ba muddin matsin bai sauka ba. Wannan ne ya sa makanikai ke bambanta gangar da take tafiyar hawainiya da wadda ta rasa ƙarfi.

Nauyin mesa ma yana shiga lissafi. Mesa mai faɗin ciki milimita 25 tana ɗaukar kusan rabin lita na ruwa a kowace mita, mai milimita 50 kuwa kusan lita biyu. Ke nan mita 50 ta babbar mesar tana ɗauke da kusan kilo 100 na ruwa, ban da nauyin robar kanta da jan ƙasa.

## Alamomi da abin da suke nunawa

- Babu motsi, babu canjin ƙara. Mai ba ya zuwa. Ana zargin PTO, ko ƙarancin mai, ko bawul ɗin sarrafawa.
- Babu motsi, amma injin mota ya yi nishi kuma tiyo ya ɗaure. Matsi yana nan. Ana zargin sakata, ko birki, ko boris da ya cije, ko toshewar hanyar komawar mai.
- Injin juyi yana gudu, ganga tana tsaye. Sarƙa ta tsinke ko ta sauka, ko kuma ɗan ƙarfen da ke kulle faranti da sandarsa ya karye.
- Tana naɗewa babu kaya, ta tsaya idan mesa ta yi nauyi. Matsi ya yi ƙasa, ko injin juyi yana yoyo ta ciki.
- Tana aiki da safe, ta mutu da rana ta take. Mai yana tsinkewa da zafi, yana zurarewa ta sassan da suka cinye.
- Tana fizga tana tsayawa. Iska ta shiga mai, ko sarƙa ta yi sako-sako.
- Tana juyawa gefe ɗaya kawai. Bawul ɗin sarrafawa ya maƙale, ko koyil ɗinsa ɗaya ya ƙone.

## Matakan bincike

### Ganga da mesa

Ana fara kashe inji, a motsa liba gaba da baya don sauke ragowar matsi. Sai a duba ko an zare sakata, ko birki ya yi tsauri. A bi mesa daga baki zuwa gindi, a ga ko ta naɗe da dutse ko kututture, ko tayar mota ta taka ta. Idan an yi naɗin baya a karkace, mesa takan taru a gefe ɗaya har ta goga da firam, ko wani zagaye ya nutse a ƙarƙashin wani ya cije. Maganinsa shi ne a warware ta gaba ɗaya, a tsiyaye ruwan cikinta, a sake naɗi a jere.

### Raba matsalar gida biyu

Gwajin da ya fi rage wahala shi ne cire sarƙa. Idan aka cire ta, sai a juya ganga da hannu. Idan ta ƙi juyawa ko tana gurzawa, matsalar ta ƙarfe ce: boris ya bushe, ko sanda ta lanƙwashe, ko gaɓar juyi ta cije saboda datti da rashin giris. Idan ganga ta juya lafiya, sai a tayar da inji a ja liba. Idan injin juyi ya ƙi motsi alhali babu kaya a kansa, matsalar tana ɓangaren mai. Idan ya juya, hakan bai wanke shi ba tukuna, domin injin da ya cinye yakan juya babu kaya ya gaza da kaya.

### Mai da tanki

Ana duba yawan mai a tanki, sannan launinsa. Mai da ya koma kamar madara ruwa ne ya shige shi. Mai kumfa iska ce, galibi daga sako-sakon tiyon tsotso. Wanda ya yi baƙi yana warin ƙuna ya sha zafi fiye da kima. Idan famfo yana ƙara kamar ana niƙa tsakuwa, yunwar mai yake ji, watau rariyar cikin tanki ta toshe, ko an manta bawul ɗin gindin tanki a rufe, ko tiyon tsotso ya shaƙe.

### Mahaɗan tiyo

Injinan da ake jona wa tarakta suna da mahaɗan da ake cusawa a zare da hannu. Kowane mahaɗi yana da ɗan bawul a ciki, wanda ba ya buɗewa sai mahaɗin ya shiga har ƙarshe. Idan na komawar mai bai zauna ba, mai zai shiga injin juyi ya rasa mafita, injin ya ƙage, wani lokaci har robar bakin sandarsa ta fashe. Haka kuma idan aka musanya tiyon biyu, ganga za ta warware maimakon naɗewa.

### Bawuloli da lantarki

Idan bawul mai lantarki ne, ana duba fiyus, da waya, da ƙarfin batir, a kuma saurara ko yana yin ƙas idan an danna maɓalli. Yawancinsu suna da ɗan tsinken da ake dannawa da hannu. Idan aka danna ganga ta motsa, matsalar ta waya ce ko koyil. Bawul ɗin saita gudu kuwa girgizar hanya takan murɗa shi ya rufe, ko ƙwayar datti ta toshe ƙaramin raminsa.

### Awon matsi

Ana ɗaura ma'aunin matsi a bakin shigar injin juyi, a ja liba. Idan allura ta hau har iyakar da kamfani ya rubuta amma babu motsi, famfo da bawul ɗin kariya suna lafiya, abin da ya rage shi ne injin juyi ko hanyar komawa. Idan aka auna bakin fita aka ga shi ma yana da matsi mai yawa, hanyar komawa ce ta toshe, domin injin yana aiki ne da bambancin matsin ɓangarorin biyu. Idan allura ta ƙi hawa, mai yana samun wata hanya: ko datti ya hana bawul ɗin kariya rufewa, ko famfo ya cinye, ko injin juyi yana zurar da mai ta ciki. Sashen da ke yoyo ta ciki yakan fi sauran zafi.

Kuskuren da aka fi yi shi ne ɗaure bawul ɗin kariya ba tare da ma'auni ba, don a ƙara wa ganga ƙarfi. Idan sakata ko boris ne suka riƙe ta, ƙarin matsin sai ya tsinka sarƙa, ko ya fasa tiyo, ko ya kashe famfo. Na biyu shi ne sayen sabon famfo kafin a yi awo, alhali shi ne mafi tsada a cikin abubuwan da ake zargi.

## Ganga mai sifirin

A wannan nau'i babu injin juyi. Akwai ɗan harshen ƙarfe da ke kama haƙora ya tsayar da mesa a inda ake so, ana kuma sakinsa da ɗan fizga. Idan ta ƙi komawa, ana fara duba harshen, domin ƙura da busasshen giris sukan maƙale shi. Idan tana komawa amma ta bar saura a waje, sifirin ya saki, sai a ƙara masa ƙarfi ta hanyar ƙara zagayen mesa ɗaya ko biyu a kan ganga bisa umarnin kamfani. Idan ganga tana juyawa sakaka babu wani ja, sifirin ya karye ko ya fita daga maƙalinsa. Ana canza shi ne tare da gidansa, domin buɗe gidan na iya sa ƙarfen ya yi tsalle ya ji wa mutum rauni. Sa mesar da ta fi ta asali tsawo ko kauri shi ma yana hana cikakken naɗi.

## Gangar ban ruwa

Wannan babbar ganga ce a kan tayoyi, mai ɗauke da bututun roba da kan iya kai ɗaruruwan mitoci, da bindigar fesa ruwa a ƙarshensa. Tarakta tana jan bindigar zuwa ƙarshen gona, ruwan da ke shigowa ya juya wata farfela, farfelar ta juya giya, ganga ta riƙa jawo bindigar a hankali tana fesi. Idan ta daina naɗewa, ana duba matsin ruwa daga famfo, da rariyar da ke tace shi, da ciyawa ko yashi a cikin farfela, da ko an sa giya, da sandar da ke kashe naɗi idan bindiga ta iso. Bututun da ya kwana a laka yakan manne da ƙasa, sai an ɗaga shi kafin a ja. Yawancin waɗannan injina suna da wurin jona PTO na tarakta don naɗin gaggawa.

## A yankin Boɗinga da Shagari

Boɗinga da Shagari ƙananan hukumomi ne a Jihar Sakkwato, kuma babbar hanyar A1 da ta tashi daga Sakkwato zuwa Tambuwal da Jega ta ratsa yankin. Noma ne babbar sana'a, har da noman rani na albasa da tumatir da tattasai da shinkafa a fadamu da kewayen madatsar ruwa ta Shagari, wadda ke ƙarƙashin Hukumar Raya Kogunan Sakkwato da Rima. Tun daga shirin Fadama na farkon shekarun 1990, ƙaramin injin ban ruwa mai amfani da fetur da mesar da ake naɗewa da hannu su ne kayan aikin yawancin manoman rani. Na'urorin haidirolik an fi ganin su a jikin taraktoci da tifofi da tankoki da injinan haƙa rijiya, kuma yanayin yankin yana taɓa su ta hanyoyi uku.

Na farko ƙura. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu iskar hunturu tana ɗauke da ƙura mai laushi. Tazarar da ke tsakanin sassan famfo da bawul 'yan maikuron ne kawai, alhali kaurin gashin mutum ya kai kimanin maikuron 70, ido kuma ba ya ganin abin da bai kai kimanin maikuron 40 ba. Don haka mai yana iya zama garau a ido amma yana cin ƙarfe. Ƙurar tana shiga ta murfin numfashin tanki, da bakin mahaɗin da aka yar a ƙasa, da mazurari ko jarkar da aka zuba mai da ita.

Na biyu zafi. Daga Maris zuwa Mayu zafin rana a yankin yakan wuce digiri 40. Ana rarraba man haidirolik bisa kaurinsa a digiri 40, kamar ISO VG 32 da 46 da 68, kuma mafi girman lamba shi ne mafi kauri. Man da aka tanada don ƙasashen sanyi yakan tsinke a bazara. Idan zafin mai ya wuce digiri 80, robobin da ke hana yoyo suna saurin lalacewa. Haka kuma man da ya rage a cikin tiyon da aka cire aka bari a rana yana kumbura, matsinsa ya hau har mahaɗi ya ƙi shiga. Rana tana kuma busar da bayan mesa ta tsattsage.

Na uku nisan kayan gyara. Abin da ba a samu a Sakkwato ba akan nemo shi a Kano, a kasuwanni irin su Ƙofar Ruwa, ko a Legas. Kwanakin jiran suna da tsada ga mai gonar albasa a tsakiyar rani, haka ma ga motar kashe gobara a hunturu, lokacin da gobara ta fi yawa. Wannan ne ya sa gano ainihin sashen da ya lalace kafin a aika saye yake da muhimmanci.

## Haɗari

Matsin haidirolik a taraktocin zamani yakan kai kimanin bar 200, alhali bar 7 kacal na iya huda fatar mutum. Man da ke fita ta ƙaramin rami yana shiga nama kamar allura. Raunin yakan yi kama da tsiron ƙaya a farko, amma yana kashe nama, kuma jinkirin zuwa asibiti na iya kaiwa ga yanke yatsa ko hannu. Yana buƙatar tiyata cikin gaggawa, a kuma gaya wa likita irin man da ya shiga. Saboda haka ba a laluben yoyo da hannu, ana amfani da kwali ne.

Gangar da ta cije tana iya kuɓucewa ba zato ta fizgi mesa. Ba a sa hannu kusa da sarƙa inji yana aiki, kuma babbar riga da rawani da mayafi suna iya shiga tsakanin sarƙa da faranti. A tankar fetur ba a buga ƙarfe da ƙarfe ko yin walda kusa da ganga.

## Kulawa

- Duba yawan mai da launinsa kafin fara aiki.
- Canza filta da murfin numfashin tanki a kan lokaci, a kuma rage tazarar a hunturu.
- Goge mahaɗai kafin a jona, a rufe bakinsu bayan an cire.
- Zuba mai da mazubi mai tsabta, kada a gauraya shi da baƙin man inji.
- Sa giris a boris da gaɓar juyi, a goge wanda ya yi yawa don kada ya tara yashi.
- Daidaita ɗaurin sarƙa, a duba notocin faranti.
- Tsiyaye mesa kafin naɗi, a riƙa jera ta yayin da take shiga.
- Ajiye injin a inuwa, ko a lulluɓe gangar.
- Adana mariƙin naɗin hannu a cikin mota, idan gangar tana da wurin sa shi.